An sallame shi daga asibiti, amma ya warke kuwa?

Idan ɗan acaɓa ya faɗi ya bugu a kai, abin da 'yan'uwa ke jira shi ne ya buɗe ido. Ranar da ya taka da ƙafarsa aka sallame shi, sai a shiga yi wa juna barka. Daga nan ba mai sake tambayar yadda yake ji.

Likitoci ma sun fi mayar da hankali kan kwanakin farko. Ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974, yana duba buɗe ido da magana da motsi, ya ba da maki daga 3 zuwa 15. Yana da matuƙar amfani a sashen gaggawa. Sai dai mutum kan iya samun 15 cif, ya koma gida ya kasa lissafin canji a shagonsa, ya riƙa mance raka'a nawa ya yi, hayaniyar 'ya'yansa ta riƙa tunzura shi. Sau da yawa hoton ƙwaƙwalwa ba ya nuna komai. A gida kuwa sai a ce ya sauya hali, ko a ce iska ce, wani lokacin har aure ya mutu.

Don cike wannan giɓin ne masana suka fitar da wani ma'auni mai suna QOLIBRI a 2010. Tambayoyi 37 ne, kuma majinyacin ne da kansa ke amsawa: ya gamsu da tunaninsa? Da yadda yake hidimominsa na yau da kullum? Da zamansa da mutane? Me ke damunsa a zuciya da jiki?

Za a ce likitan da layi ya yi wa yawa ba shi da wannan lokacin. Gaskiya ne, amma akwai gajeren ma'aunin mai tambayoyi 6 kacal. Abin da ya fi wuya shi ne wasu masu raunin ba sa lura cewa sun canza. Shi ya sa nake ganin a tambayi matarsa ko mahaifiyarsa ita ma, a keɓe.

Ina kira ga asibitocinmu su riƙa yin waɗannan tambayoyi da Hausa duk lokacin da majinyaci ya dawo ganin likita, su rubuta amsar a fayil ɗinsa, su sake yi bayan wata shida. Kai kuma mai zuwa dubiya, bayan "ya jiki?", ka tambaye shi ko yana samun barci, ko ya iya komawa sana'arsa.