A Daina Yanka Hutun Malami Gunduwa-Gunduwa

'Yan uwa malamai da iyalanmu, akwai maganar da ake yawan jifan mu da ita a kasuwa da majalisa, wai malamin makaranta ya fi kowa jin daɗi tunda sau uku yake hutu a shekara. Mai wannan magana kalanda kawai ya duba. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari mu ƙirga. Kwanakin farko na kowane hutu sukan tafi wajen ƙarasa rijista da katin sakamako na ajin da ya cika ya batse. Kwanakin ƙarshe kuma na rubuta shirin darasin zango mai zuwa ne. Abin da ya rage a tsakiya shi ne namu, kuma shi ake ɗora wa wuƙa. Da daddare saƙo zai faɗo a WhatsApp: gobe ƙarfe takwas akwai bita, ko tantancewa, kowa ya hallara da takardunsa na asali. Ba a tambayi ko malami yana gari ba, balle ko yana da kuɗin mota.

Dogon hutu yana zuwa ne a tsakiyar damina. Kowa ya san albashi kaɗai ba ya riƙe gida, shi ya sa malamin Bulangu ko na cikin garin Kafin Hausa yake da gonar gero da ta riɗi. In ya gayyato 'yan ƙwadago, ya ba da kafin alƙalami, sannan aka kira shi Dutse, ciyawa ba za ta jira shi ba. Malama ta yi wata uku tana tanadin zuwa ganin gida ko kai yaro asibiti, saƙo ɗaya ya rushe mata lissafi. Mai ƙaro karatu a lokacin hutu ya rasa wanda zai bari, lacca ko bita. Wanda kuma ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Haɗeja ya san tafiyar watan Agusta ba a yin ta da garaje.

Ba wanda ke ƙin bita, domin ilimi yana buƙatar wasawa. Tantancewa ma muna maraba da ita, don ma'aikacin bogi haƙƙinmu yake ci. Abin da muke ƙi shi ne kiran ba-zata. Masu shirya taro sun kama zaure, sun yi cinikin abinci, sun buga takardu tun makonni kafin ranar. Ashe ranar sananniya ce. Don me malami, wanda dominsa aka shirya taron, zai zama na ƙarshen ji?

Wannan ba roƙon alfarma ba ne. A ranar 5 ga Oktoba 1966, a birnin Paris, aka amince da shawarwarin UNESCO da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan matsayin malamai. A ciki an tabbatar wa malami haƙƙin isasshen hutun shekara da cikakken albashi, an kuma ce a riƙa tsara lokutan aikinsa tare da shawarar ƙungiyarsa. Ranar ce muke biki kowace shekara da sunan Ranar Malamai ta Duniya. Ƙungiyarmu ta NUT kuwa, da aka kafa tun 1931, irin wannan kare mutunci ne dalilin kafa ta.

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshe su kai buƙatu uku. A saka kwanakin bita da tantancewa cikin kalandar karatu tun farkon shekara. In larura ta taso, a ba da sanarwar aƙalla mako biyu a rubuce. A kuma keɓe mako uku na dogon hutu waɗanda ba mai taɓa su.

Mu ma da namu gyaran, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin wasunmu suna rububin a sa sunansu saboda ɗan alawus, za a ci gaba da ɗauka cewa lokacinmu ba shi da daraja. Mu kammala rijista kafin ranar tashi. Mu tara takardar ɗaukar aiki da ta ƙarin girma da shaidar karatu a jaka guda. Mu zauna da iyali tun makon farko mu raba kwanaki: na gona, na zumunci, na asibiti, da na hutawa zalla, domin jiki ma yana da haƙƙi.

A taron reshe mai zuwa, kowa ya zo da takarda ɗauke da adadin kwanakin da aka cire masa daga hutun bara, da awa nawa aka ba shi ya shirya. Da waɗannan alƙaluma shugabanninmu za su shiga ofis, ba da ƙorafin baki ba. Allah ya yi mana jagora.