Shatar mota zuwa ƙetare: ciniki a tasha, rigima a iyaka

Duk wanda ke sammako zuwa tasha a Maraɗi, Damagaram, Ƙwanni ko Yamai ya saba ganin ƴan kasuwa uku ko huɗu, galibi mata, sun haɗa kuɗi sun ɗauki mota guda shata da direbanta, za su Kano saro atamfa a Kantin Kwari, ko Sakkwato, ko ma gaba. Dalilinsu a fili yake. Motar haya sai ta cika take tashi, manyan motocin kamfanoni kuma suna da lokacinsu da iyakar kayan da suke ɗauka. Mai shata shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a tsaya, kayansa kuma suna gaban idonsa. To amma mun lura cewa yawancin wannan ciniki da baki ake ƙulla shi, a tsaitsaye, babu shaida. Shi ya sa rigimar ba ta tashi a tasha, sai an kai iyaka, inda babu mai raba gardama.

Abin da ya kamata mu fara ganewa shi ne hanyar da muka sani shekarun baya ta canja. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗe su ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasarmu takunkumi, aka sake rufe iyakokinmu da Najeriya da Benin. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, a watan Maris kuma aka buɗe tsakaninmu da Najeriya, amma hukumominmu suka bar gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil a rufe bisa dalilan tsaro. Masu zuwa Kotonu suka koma sauka a Gaya, su ƙetare kogin Kwara da jirgin ruwa, su nemi wata mota a ɗaya gaɓar. Manyan motocin kaya kuwa suka koma hanyar Lome ta Burkina Faso, a ayari, da rakiyar sojoji. Sannan a ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina suka kammala ficewa daga CEDEAO.

Me wannan ke nufi ga mai shata? Yana nufin direban da ya ce maka "na san hanya" mai yiwuwa hanyar 2018 ya sani. Tambayar da ta dace ita ce: yaushe rabonka da ƙetare wannan iyakar, da wannan motar? In ya yi wata shida bai bi ta ba, to ku biyu duk baƙi ne.

Sai batun kuɗi. Mu ɗauki misali mai sauƙi. Daga Yamai zuwa Maraɗi kimanin kilomita 660 ne. Motar da ke shan lita 10 a kowane kilomita 100 za ta sha lita 66. Bisa kuɗin da gwamnati ta tsaida a Yuli 2024, wato CFA 499 kowace lita, man zuwa kaɗai ya kusa jika 33. In motar za ta komo wayam, direba zai lissafa na dawowa, ya zama jika 66 tun ba a taɓa ladansa ko kuɗin mai mota ba. Da can direbobi kan rage wannan da man Najeriya mai araha, amma tun da aka cire tallafin mai a can a watan Mayu 2023 wannan gatan ya ragu ƙwarai. Saboda haka idan wani ya yi maki farashin da ko mai bai kai ba, hajiya, kada ki yi murna. Araha ba ta ado. Ko dai zai cike gurbin da fasinjan hanya, ko da saƙon da ba ki san abin da ke ciki ba, ko kuma a tsakiyar daji ya ce sai an ƙara.

Wannan saƙon shi ne babban haɗari. Jami'in duwan ko jandarma idan ya samu haramtaccen kaya a mota, ba ya tsayawa tantance wannan ƙunshin na direba ne, wancan na hajiya ne. Motar yake tsarewa da duk abin da ke cikinta, bayani sai daga baya. Ba sai ƙwaya ba ma: a Oktoba 2024 gwamnati ta hana fitar da cimaka irin su hatsi, dawa da shinkafa zuwa waje, in ban da Mali da Burkina. Buhu biyu da direba ya cusa ƙarƙashin kayanki don ya samu na cefane sun isa su sa jarinki ya kwana a hannun hukuma, ranar kasuwa ta wuce, masu bin ki bashi kuma ba su san wannan zance ba. Wanda ya biya shata yana da ikon a buɗe masa bayan mota ya duba kafin a tashi. Wannan ba rashin yarda ba ne, kiyaye dukiya ne.

Haka takardu. Lasisin tuƙi, katin mallakar mota, takardar binciken lafiyarta, da asirans ɗin da ke aiki a ƙasar da za a shiga, duk a gan su da ido, a duba ranar ƙarewarsu. In motar ba ta direban ba ce, a tabbatar mai ita ya san za ta fita ƙasa. Fasinja shi ma ya riƙe katin shaidarsa ko fasfo, da katin rigakafin shawara. Sau da yawa kuɗin da muke kuka an karɓe mana a shinge, takarda guda da ta ƙare ce ta buɗe ƙofarsa. Kuma a yanke tun a gida: kuɗin hanya na wa ne? Idan laifin takardun mota ne, na direba ne. Idan kuɗin duwan na kaya ne, na mai kaya ne.

Game da tsaro, mutanen Madarunfa da Ɗan Isa da Jibiya ba sai an ba su labarin ƴan bindiga ba. Ribar shata ita ce kai ke zaɓen lokaci, to a zaɓi rana tsaka, a haƙura da tafiyar dare ko da za a yi asarar kwana guda. Kada a yi shelar tafiya a tasha, kuma kuɗin sari a tura mafi yawansu ta gidajen aika kuɗi ko ta amintaccen ɗan canji maimakon ɗaure su a zane.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya: ba kullum laifin direba ba ne. Akwai ɗan kasuwar da zai ce kwana biyu, ya riƙe mutum kwana biyar a Kano, babu kuɗin abinci, babu makwanci sai cikin mota, sannan ya tilasta masa tuƙin dare don ya riski kasuwa. Direban da bai yi barci ba, ranka yake ɗauke da shi tare da nasa. Kuɗin kwanan jira da abincinsa su shiga cikin ciniki tun farko.

Shawararmu ita ce a daina ɗaukar direba a bakin titi don sauƙin jika biyar. A bi ta sandikar direbobi ta tashar, inda aka san shi, aka san gidansa. A rubuta ƴar takarda ko da da ajami ne: sunan direba, lambar mota, inda za a, kwana nawa, nawa aka biya, nawa ya rage, da wanda zai nemo wata mota in wannan ta lalace. A ba da rabi a tasha, rabi in an sauka lafiya, a bar kwafi a gida. Muna kuma kira ga shugabannin sandika da na ƙungiyoyin ƴan kasuwa su zauna su fitar da takarda guda ta bai ɗaya, cikin Hausa da Faransanci, wadda kowa zai iya cikawa a minti biyar. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.