Umarni da Ladabi a Harshen Sifaniyanci

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina da shawara game da Sifaniyanci, harshen mutanen Sifen da na maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini.

Aikatau masu bin ƙa'ida iri 3 ne, kamar hablar, wato yin magana, da comer, ci, da escribir, rubutu. In tsaranka za ka umarta, sai ka ce habla, come, escribe. In kuwa babba ne ko baƙo, wasalin ƙarshe yakan juya: hable, coma, escriba.

Littafin da na koya da shi ya fara da na tsara. Ni a ganina a fara wa yara da na manya. Mu ma ai ba ma ce wa dattijo "zauna", sai "a zauna". Yaron da ya ce wa tsaransa hable, dariya kurum za a yi masa. Wanda ya ce wa tsoho habla kuwa, malaminsa za a zarga.

Ga kuma riba: ƙara s a na manyan, ka sa no a gaba, ka sami hanin tsara, no hables. Allah ya taimake mu.