Kakar Bature Ba Kakarmu Ba Ce: Tsokaci Kan Waƙoƙin Soyayya Na Sonet

Akwai wata tababa da kan taso tsakaninmu ɗaliban Hausa, wai me zai kai mai nazarin waƙar Hausa ga waƙoƙin soyayya na Ingilishi? Ni dai a ganina ya kamata mu karanta su, da sharaɗin kada mu auna su da mudun gidanmu.

Irin waƙar da na ke nufi ita ce wadda a ke kira sonet. Ɗango 14 ne da ita kacal, kowane ɗango galibi da gaɓa 10. Asalinta daga Italiya ne, inda Petrarch, wanda ya rasu a 1374, ya fito da martabarta. A ƙarni na 16 Wyatt da Surrey suka shigo da ita Ingila, sa'an nan a 1609 aka buga guda 154 na Shakespeare, mutumin da Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara mana wasansa da sunan Daren Sha Biyu. Tsarin da Shakespeare ya bi shi ne ƙwar huɗu sau uku, a rufe da ƙwar biyu. Babu babban amsa-amo mai ratsa waƙa tun daga farko har ƙarshe irin na Imfirajin Aliyu Namangi. Amsa-amo bakwai a ke sauyawa cikin wannan ɗan fili, kuma ba wurin doguwar buɗewa balle ramzi. Saboda wannan ƙunci ne mawaƙi kan gina magana, can wajen ɗango na 9 ko na 13 ya juya ta. Wanda bai ga wannan juyi ba bai feɗe waƙar ba, ko da ya ƙirga gaɓoɓinta duka.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne wajen kamance da siffantawa. A waƙa ta 18 mawaƙin ya gwada abin ƙaunarsa da yini guda na lokacin ɗumi a Ingila, lokacin da furanni ke buɗewa bayan watannin sanyi. Ƙamus zai ce mana bazara. To, a je Mairuwa a ƙasar Faskari cikin watan Afrilu, sa'ad da ruwan madatsa ya ja baya, ƙasa ta dare, a ce wa yarinya ta yi kama da bazara, a ga ko za ta yi murmushi! Abin da ya fi kusa da nufinsa a wurinmu shi ne sanyin safiya bayan ruwan shuka.

Waƙa ta 73 ta fi wannan rikitarwa. A nan mawaƙin yana kwatanta tsufansa da lokacin da ganyaye ke yin rawaya suna zuba, da faɗuwar rana, da wuta mai mutuwa cikin tokarta. Mai fassara da garaje zai kira wannan lokaci kaka. Alhali kuwa ga manomin Mairuwa kaka ita ce lokacin da masara ta shiga rumbu, auduga ta nufi kasuwar Funtua, aka sa ranar aure. Kalma ɗaya ke nan ta mai da makoki biki. In zubar ganye a ke nema, sai a dubi kuka da rani, ita ce ke tsayawa tsirara. Gawo kuwa, da shi a ke ƙaryata kowa, don da damina ya ke zubar da nasa. Faɗuwar rana da toka dai ba su bukatar tafinta, namu ne kamar yadda su ke nasu.

Shi kansa Shakespeare bai ɗauki kamancen magabatansa wahayi ba. A waƙa ta 130 ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana musantawa, cewa idon masoyiyarsa bai kai rana ba, leɓenta bai kai murjani ja ba, sai a ƙwar biyun ƙarshe ya juya ya rantse ba ta da kasawa ga kowace mace da aka yi wa yabon ƙarya. Mawaƙanmu da ba su gajiya da dara da wata da farar tattabara, wannan ita ce waƙar da zan so malamanmu su fara ɗora musu a kan allo.