Mayen ƙarfen ɗan gwangwan da ɗakin gwajin makarantunmu

Ɗan gwangwan da ke tura baro a lungunan Kankia da Kusada ba ya rabuwa da wani ɗan baƙin zobe da ya ɓalle daga tsohuwar lasifika. Da shi yake yin ciniki. Ya ɗora a kan kaya, in ya manne to baƙin ƙarfe ne, in ya zame to jan ƙarfe ne ko alminiyam, farashi kuwa ya bambanta. Yara suna kiransa mayen ƙarfe, malaman kimiyya suna cewa maganaɗisu.

Shi wannan jan ƙarfe da maye ba ya kamawa, masana sun daɗe suna sarrafa shi. Sukan shimfiɗa shi siriri fiye da fatar albasa sau dubbai, su barbaɗa ƙwayoyin kobalt a cikinsa kamar gishiri a miya. Kowace ƙwaya ba ta wuce 'yan nanomita ba, nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashi guda ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka.

A wannan ƙanƙanta ɗabi'ar ƙarfe takan sauya. Kowace ƙwaya ta zama maganaɗisu mai zaman kansa, amma ɗumin ɗaki kaɗai ya isa ya riƙa juya mata fuska, yanzu gabas, anjima yamma. Bafaranshe Louis Néel ne ya yi bayanin haka a 1949. Muddin ƙwayoyin suna fuskantar wurare dabam-dabam, lantarki yana shan wahalar ratsa shimfiɗar. Da zarar an kawo maganaɗisu daga waje sai su daidaita sahu, hanya ta buɗe. Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus sun fara ganin irin wannan a 1988 cikin shimfiɗun baƙin ƙarfe da kuromiyam, sannan a 1992 masu bincike a Amurka suka same shi a ƙwayoyin kobalt cikin jan ƙarfe. Fert da Grünberg sun karɓi kyautar Nobel a 2007.

Amfanin bai ɗauki lokaci ba. A 1997 kamfanin IBM ya fito da faifan ajiyar kwamfuta da ke karanta bayanai da wannan dabara, mai ɗaukar gigabayit 16.8. Faifansa na farko a 1956 megabayit 5 kacal yake ɗauka, ga nauyi kusan tan guda. Fuskar faifan zamani ita ma ƙwayoyin maganaɗisu ne da aka raba tsakaninsu da sinadarin da maye ba ya kamawa, don kada wata ta juya 'yar uwarta. Irin wannan faifai na cikin tsofaffin kwamfutocin da 'yan gwangwan ke saye da kilo.

Ga inda gizo ke saƙar. Ɗalibin sakandare a Kusada yana iya haddace ma'anar maganaɗisu don jarrabawar WAEC, ya gama makaranta bai taɓa barbaɗa garin ƙarfe a kan takarda ya ga yadda yake jeruwa ba. Darasin fiziks da aka tsare a allo da alli ba ya haifar da mai bincike. Alhali kayan gwajin farko ba su da tsada: maganaɗisun lasifika, wayar jan ƙarfe, batir, kamfas, da mitar auna lantarki irin ta masu gyaran waya. Maƙeri zai ba da garin ƙarfe kyauta.

Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Katsina ta ware wa kowace sakandare kuɗin gwaje-gwaje duk zango, ta kuma bi sawu ta ga an yi. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011, duk suna koyar da fiziks, kuma ba su da nisa da Kankia. Su riƙa turo ɗalibansu na ajin ƙarshe makarantun waɗannan ƙananan hukumomi biyu, da sukundireba da tsohon faifai, su kwance shi a gaban aji. Wakilan mazaɓar Kankia, Ingawa da Kusada su sa ɗakunan gwaji cikin ayyukan mazaɓa na baɗi, su kuma haɗa da kuɗin horar da malaman da za su riƙe makullan.