Hakkin Ɗan Talaka Mai Hazaƙa a Wuyan Tsofaffin Ɗalibai



Duk shekara, idan sakamakon jarrabawar BEPC ya fito, a daidai lokacin da damina ta kankama kowa ya duƙufa ga gonarsa, akan sami yara a Guci da Malawa da Dogo-Dogo, da can wajen Wacha da Bande, waɗanda Allah ya hore wa basira har malamansu na alfahari da su, amma in Oktoba ta zo aka koma makaranta, sai a nemi wasunsu a ajin farko na lise a rasa. Wanda ya san halin karkara ya san dalili. Yaron da ƙauyensu babu lise, tilas ya bar gaban iyayensa ya nufi Magarya, ko Damagaram inda lise Amadu Kuran Daga take, ya nemi mai masauki. In ya dace ya sami mai tausayi, in bai dace ba ya zama ɗan aike da ɗiban ruwa, ga yunwa, ga rashin littafi, ga Faransanci da lissafi sun yi masa nauyin da bai saba ba, har ranar da zai ga abokansa sun dawo daga cin rani a Kano da sabuwar riga, shi ma ya bi hanyar Maigatari. Yarinya kuwa, ko da yake hukuma ta kafa doka a 2017 don kare karatunta, sau da yawa aure ne ke riga lise zuwa ƙofar gidansu.

To, wa ya fi cancanta ya tsaya wa waɗannan yara in ba waɗanda suka riga su bin wannan turba ba? Ƙasar nan tamu ta haifi likitoci da alƙalai da malaman jami'a da manyan ma'aikata, kuma da wuya a sami ɗaya cikinsu wanda bai taɓa cin tuwon wani gida ba a zamanin ɗalibtarsa, kamar yadda almajiri ke cin tuwon unguwa har ya sauke Alƙur'ani. A maƙwabta, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta zama Barewa ta Zariya, ta yaye su Tafawa Ɓalewa da Sardauna, har yau kuma ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta na ɗawainiya da ita.

Amma fa, a nawa ra'ayi, bikin raba kyauta da dogayen jawabai, sa'an nan kowa ya shiga motarsa ya koma Yamai, ƙaramar fa'ida gare shi. Abin da ke riƙe yaro shi ne darasin hutu, wanda ƴan jami'ar André Salifou za su iya bayarwa da yamma bayan an taso daga gona. Da masauki na amana. Da buhun hatsi. Da wani babba guda wanda zai san sunansa, ya duba makinsa kowane zango har ya kai jarrabawar BAC. Wannan sadaka ce mai gudana, kuma ladanta ba ya yankewa.

Saboda haka muna roƙon ƴaƴan Dungas da Magarya, duk inda aiki ya kai su, su tuntuɓi shugabannin kwalejojin da suka yaye su, su karɓi sunayen yaran da suka ci jarrabawa, tun kafin a koma makaranta.