Kimiyya A Cikin Gida: Yadda Wayar HDMI Take Ɗaukar Hoto Da Sauti

A wannan fitowa za mu duba wata waya da ke bayan talabijin a gidaje da yawa, wato HDMI, domin magidanci ya san abin da yake saye kafin ya fitar da kuɗinsa.

Da yawanmu mun taso da wayoyi uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti, ko kuma babbar mahaɗar Péritel mai haƙora 21 wadda ta fito daga Faransa. Waɗannan suna ɗaukar hoto ne a matsayin lantarki mai hawa da sauka, saboda haka duk rauni ko tsatsa a jikin waya sai ya bayyana a fuskar talabijin. A watan Disamba na 2002 kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony, Philips, Toshiba da Thomson, suka fitar da tsarin HDMI, wanda ya mai da hoto da sauti lambobi, sifiri da ɗaya, ya haɗa su a waya guda mai haƙora 19.

Ga yadda take aiki. Da an jona ta, sai dekoda ko kwamfuta ta tura ɗan lantarki na bolt 5, talabijin kuma ta amsa cewa tana nan, ta bayyana girman hoton da take iya nunawa da irin sautin da take karɓa. Bayan wannan gaisuwa ne ake fara aiko da hoto.

A tsarin asali, tagwayen zaren tagulla huɗu ne ke wannan aiki. Uku suna ɗauke da bayanan launi, ja da kore da shuɗi. Na huɗu aikinsa daidaita lokaci, kamar makaɗin gayya da ke sa fartanya ta sauka tare. Kowane saƙo ana aika shi ta zare biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, talabijin kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take karantawa. Idan hayaniyar lantarki ta shiga, duka biyun take taɓawa daidai wa daida, tamkar a ƙara dutse iri ɗaya a kowane ɓangaren sikeli: awo bai sauya ba. Shi kuwa sauti ba shi da zaren kansa. Ana cusa shi ne a ƴan giɓin da ke tsakanin layin hoto da mai bi masa.

Daga nan za mu fahimci abin da ya shafi aljihunmu. Tunda lambobi ake aikawa, ɗaya ba ta zama ɗaya mai kyau don an shafa wa bakin waya ruwan zinariya. Idan lambobin sun isa lafiya, hoton waya mai araha da na mai tsada duk ɗaya ne. Idan ba su isa ba, za a ga fararen ɗigo kamar tartsatsi, ko hoto yana ɗaukewa, ko allo ya yi baƙi ƙirin. Don haka idan mai shago ya ce tasa waya tana ƙara wa launi haske, magana ce ta ciniki, kuma addininmu ya hana almubazzaranci kamar yadda ya hana algus.

Abin dubawa biyu ne: yawan bayanan da waya take iya ɗauka, da tsawonta. Tsarin 2013 yana kai gigabit 18 a daƙiƙa, na 2017 kuma 48, amma dekodar gida mai hoton HD waya ta yau da kullum ta ishe ta. Sai mai talabijin 4K ne yake bukatar duba rubutun kwali. Game da tsawo, wayar tagulla da ta wuce mita 10 zuwa 15 takan fara gazawa, kuma wannan ya shafi masu ja wa majigi waya a makarantu da zaurukan wa'azi.

Idan hoto ya ƙi zuwa, kada a yi gaggawar kai talabijin wurin mai gyara. A tabbatar an zaɓi ƙofar da aka jona a rimot, a kashe na'urorin biyu, a zare wayar a mayar, domin su sake gaisawa. Da damina kuma, idan hadari ya haɗo, a zare ta tare da wayar eriya da ta wuta, domin tsawa na iya biyowa ta dekoda ta ƙone ƙofar talabijin.

Wannan waya tana isar da abin da aka ba ta ba ƙari ba ragi, karatun Alƙur'ani ne ko shirme. Zaɓen abin da zai bi ta cikinta zuwa idon yaranmu yana wuyan iyaye. Allah Ya ba mu ikon riƙe wannan amana. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.